Fijo: Zakin Da Ya Fara Da Zarto

Kamfanin Peugeot, Fijo a bakinmu, ya girmi mota kanta da wajen shekara tamanin. A 1810 ne wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mai da injin niƙan hatsi na gidansu da ke yankin Montbéliard, can gabashin Faransa dab da iyakar Suwizalan, ya koma maƙerar ƙarfe. Zarto suka riƙa yi, da kayan aikin kafintoci, da ƙarafan laima. Da matan Turai suka shiga yayin wani irin buje mai faɗi wanda ake jera wa zobban ƙarfe daga ciki don ya buɗe, gidan Peugeot na cikin masu ƙera zobban.

A 1840 suka fito da ɗan injin hannu na niƙa gahawa, a 1874 kuma na niƙa masoro. Wannan sana'a ba ta mutu ba. Har gobe ana ƙera su a wani ƙaramin gari mai suna Quingey, kuma akwai gidaje da yawa a Turai da ba su taɓa ajiye motar Peugeot ba amma zakin na nan a kicin ɗinsu.

Shi kansa zakin ba don mota aka zana shi ba. An yi rajistarsa a 1858 domin a nuna wa mai saye halin zarton: haƙora masu ƙarfi, jiki mai lanƙwasa, yanka mai sauri. Na farkon yana tafiya ne a kan kibiya. Wanda ya miƙe bisa ƙafafun baya daga baya ya zo, an aro shi daga tambarin lardin Franche-Comté, mahaifar gidan.

Ɗan baffa ya ce mota ba za ta yi kasuwa ba

Armand Peugeot ne ya shigo da keke cikin sana'ar gidan a 1882. A 1889 ya nuna wata mai ƙafa uku da ke tafiya da tururi, huɗu kacal aka yi, shekara na zagayowa ya koma kan injin fetur na Daimler. Ɗan baffansa Eugène bai yarda a zuba dukiyar gida cikin wannan abu ba. Suka ja, har Armand ya ware ya kafa nasa kamfanin a 1896. Ba a yi shekara goma ba sai ga 'ya'yan Eugène ɗin sun fara ƙera tasu motar da sunan Lion-Peugeot. Aka ɗan jima ana da Peugeot biyu suna gogayya a kasuwa ɗaya, kafin a sake haɗewa a 1910.

A 1891 Armand ya sa wata motarsa ta bi bayan masu tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa. Idan aka haɗa da tafiyar da ta yi daga masana'anta da komawa, ta ci sama da kilomita 2,000, a gudun da bai kai kilomita 15 a awa ba. Masu keke sun yi mata fintinkau. Babu gidan mai ko ɗaya a hanya, sai da aka tura man gaba aka ajiye mata. Amma ta je ta dawo da ƙafarta, kuma abin da ake so jama'a su gani ke nan.

Motar farko da ta shiga tsere da tayar iska, a 1895 tsakanin Paris da Bordeaux, ta 'yan'uwan Michelin ce, kuma a kan shasin Peugeot suka gina ta. Ta sha faci har ba iyaka, ta iso a makare. A 1913 kuwa, Bafaranshe Jules Goux ya zama mutumin Turai na farko da ya lashe tseren Indianapolis 500 a Amurka, cikin Peugeot.

Sifilin tsakiya

Daga 201 ta 1929 aka fara wannan tsari na lamba uku da sifili a tsakiya, kuma kamfanin ya yi rajistarsa a matsayin mallakarsa. A wasu tsofaffin samfura, ta ramin sifilin ake zura hannun tayar da inji. Rajistar ta yi rana a 1964. Porsche na Jamus ya kawo sabuwar motarsa mai suna 901 bajekolin Paris, Peugeot ya ce bai yarda ba. Porsche ya cire sifili ya sa ɗaya. Haka aka sami 911, wadda ta zama ɗaya daga cikin shahararrun motocin gudu na duniya. Guda 82 aka riga aka ƙera da tsohon sunan, kuma yanzu masu tara tsofaffin motoci na nemansu ido rufe.

Likitan haƙori

Motar nan mai rufin ƙarfe da ke naɗewa ya shige but, da yawa na ɗauka sabon abu ne. Peugeot ya sayar da irinta tun tsakiyar shekarun 1930 da sunan Eclipse. Wanda ya ƙirƙiro dabarar, Georges Paulin, likitan haƙori ne a Paris, zanen mota kuwa sha'awa ce kawai. Da Jamus ta mamaye Faransa ya shiga yi wa Birtaniya leƙen asiri, aka kama shi, aka harbe shi a 1942.

Lokacin yaƙin fetur ya yi ƙamfa, sai kamfanin ya fito da wata 'yar ƙaramar mota mai batir a 1941, VLV. Tana yin kimanin kilomita 80 kafin a sake caji, kuma guda 377 aka yi. Likitoci da masu raba wasiƙu ne suka fi morarta.

Labarin da ya fi taɓa ni a tarihin gidan nan shi ne na 1943. Jamusawa sun karɓe babbar masana'antar Sochaux suna ƙera kayan yaƙi. A watan Yuli jiragen Birtaniya suka zo su ragargaza ta, amma akasarin bama-baman suka sauka kan gidajen jama'a, mutum fiye da ɗari suka mutu. Sai wani jami'in asirin Birtaniya, Harry Rée, wanda asalinsa malamin makaranta ne, ya sami Rodolphe Peugeot ya ce masa: ko dai ku lalata injinanku da hannunku, ko jiragen su dawo. Rodolphe ya nemi shaida cewa mutumin ba ɗan yaudara ba ne, aka karanto masa saƙon da ya zaɓa a gidan rediyon BBC. A watan Nuwamba ma'aikatan suka dasa nakiya a muhimman injinan da suke cin abinci da su. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya rusa abin da kakanninsa suka gina don maƙwabtansa su kwana lafiya.

404 a taɓon Gabashin Afirka

Tseren Safari na 1963 ya zo da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Mota 84 suka tashi, bakwai suka kai ƙarshe, kuma 404 ce a gaba. Ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Daga nan sunan Fijo ya zauna a nahiyar nan. An daina 404 a Faransa a 1975, amma a Kenya an ci gaba da haɗa ta har 1991.

504

Ta fito a 1968, a makare, saboda yajin aiki da tarzomar da suka tsayar da Faransa cik a watan Mayun shekarar. A Sochaux ɗin ma ma'aikata biyu sun rasa rayukansu a arangama da 'yan sanda a watan Yuni. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya fitar da surarta, kuma ita aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1969. An ƙera fiye da miliyan uku. An daina salun ɗinta a Faransa a 1983, amma Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuwa ita ce kusan ta ƙarshe da ta saki.

Masana'antar Peugeot ta PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne yadda kayan ke zuwa. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a shekarun nan, jirgi kan yi watanni yana jiran a sauke masa kaya. Saboda haka ta sama ake kawo sassan motocin: jiragen dakon kaya su ɗebo daga birnin Lyon su sauke a filin jirgin Kano, manyan motoci su kwasa zuwa Kaduna. An yi shekara da shekaru ana haka, kuma a lokacin ganiyarta masana'antar na fitar da dubun-dubatan motoci a shekara.

Bayan kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta shigo da tsarin rage facaka, aka mai da 504 motar hukuma, har shi shugaban ƙasa ita yake shiga. Ta zama motar gwamna, motar babban sakatare, motar alƙali. Ma'aikacin da ya sami rancen mota ita ce burinsa. Idan ta tsufa ta koma tasha, ta sake wata sabuwar rayuwar.

A tasha kuwa wagon ce sarauniya. Kujera bakwai aka yi mata a Faransa. A nan biyu ne a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, ga buhuna a but, wani lokaci har da akuya. Akori-kurarta kuma ita ce ta cin kasuwannin ƙauye, ta ɗauki hatsi da masu hatsin gaba ɗaya. A Senegal har yau sunan motocin haya na dogon zango ya samo asali ne daga kujeru bakwan nan, kuma akasarinsu tsofaffin Fijo ne.

Me ya sa ta jure? Tambayi tsohon bakanike a Fanteka ko Ƙofar Ruwa. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafarta na da dogon wasa, don haka rami ba ya karya ta. Firofelarta a cikin wani bututun ƙarfe mai kauri take, dutse ko kututture ba ya samunta. Injin silinda huɗu ne, da kafireta da fulogi da fanbel, duk a fili, hannu na kai wa ko'ina. Idan ta tsaya a dajin Falgore, direba da sifana biyu da sukudireba yakan tashe ta. A ganina wannan shi ne asirin ƙaunar da aka yi mata: mota ce da mai ita ke iya fahimta, yaron gareji kuma ya koyi gyaranta cikin 'yan watanni ya ci abinci da ita har tsufansa.

Tana da nata aibun. Tana shan mai, bodinta na cin tsatsa, kuma ba ta da kayan kariya irin na motocin yanzu. Gudun da take iya yi, haɗe da lodin da ya wuce ƙima da tayoyin da suka suɗe, ya jawo haɗurran da suka bar gidaje da yawa cikin makoki. Duk wanda ya yi zirga-zirga a hanyoyinmu a shekarun 1980 da 1990 ya san haka.

'Yan Nijar na da nasu babin. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turai kan sayi tsohuwar 504 da arha, su tsallaka teku, su ratso Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka zuwa Arlit da Agadas, su sayar, kuɗin ya biya musu tikitin jirgin komawa gida. Wasu motocin sun ƙarasa Tawa da Maraɗi da Yamai. Waɗanda suka kafe a hanya, rairayi ya cinye su.

504 mafi tsada a tarihi fara ce, ƙirar 1977, ta tsohon shugaban Iran Mahmud Ahmadinejad. An yi gwanjonta a 2011 a kan kusan dala miliyan biyu da rabi, aka ce kuɗin na gina wa naƙasassu da mabuƙata gidaje ne. Iran ɗin dai ƙasar Fijo ce ta gaske: an daina 405 a Turai a 1997, amma kamfanin Iran Khodro ya ci gaba da ƙera ta shekaru masu yawa bayan haka.

Cinikin dala ɗaya

Bayan ya haɗiye Citroën a tsakiyar shekarun 1970, Peugeot ya sayi reshen Chrysler na Turai a 1978 a kan dala ɗaya tak. Sai dai tare da dalar ya ɗauki tulin bashi da tsofaffin masana'antu, kuma cikin 'yan shekaru ya kai gaɓar durƙushewa. Wata 'yar ƙaramar mota ce ta cece shi, 205 ta 1983, wadda aka sayar da sama da miliyan biyar. A Amurka kuwa bai taɓa samun gindin zama ba, ya tattara ya fice a 1991.

An sace motar da ke kan gaba

Peugeot ya lashe tseren Paris zuwa Dakar sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, zamanin da tseren ke ratsa Tenere da Agadas. A 1988 Ari Vatanen ɗan Finland na kan gaba da tazara mai yawa, aka kwana a Bamako, gari na wayewa babu motarsa. An gano ta daga baya a gefen gari, amma lokacin tashi ya wuce, aka cire shi daga gasar. Abokin aikinsa Juha Kankkunen ya ci.

Shekarar da ta biyo, Vatanen da Jacky Ickx, dukansu direbobin Peugeot, suka riƙa gudun kashe kai kowa na son ya wuce ɗan'uwansa. Shugaban tawagar, Jean Todt, ya ji tsoron kada a yi biyu babu, ko ma a rasa rai. A garin Gao na Mali ya ciro kwabon faran goma ya cilla sama. Ya faɗo wa Vatanen, aka umarci Ickx ya sassauta. Masu son wasan sun yi tir, amma duka biyun sun isa Dakar da ransu.

Gudu mafi girma da aka taɓa yi a tseren awa 24 na Le Mans shi ne kilomita 405 a awa, a 1988, da wata mota mai injin Peugeot. Lambar ta yi daidai da sunan 405 da ke sabuwar fitowa a lokacin. Daga 1990 aka sa kwanoni a miƙaƙƙen titin, don haka da wuya a sake kamo ta.

Abin da masu ita ke cewa yanzu

406 ce ta gaji wani abu na farin jinin 504 a wurinmu. Direbobin Kano zuwa Abuja na yabon yadda take kama titi da taushin zamanta. Kukan da aka fi ji a kanta, ita da 307 da 206, na wayarin ne da na giyar otomatik ɗin nan da ake kira AL4. Gaskiyar magana, laifin rabi da rabi ne. Motocin sun zo da kwamfuta da na'urorin da ba sa son a taɓa su da ka. Mu kuma muka tarbe su da dabarun zamanin kafireta: a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye, a ɗura ruwan rijiya a lagireto, a zuba duk baƙin man da aka samu. Wanda ya dace da bakaniken da ke da na'urar gwaji kuma ya san aikinsa, yakan shekara goma yana yabon motarsa. Wanda bai dace ba yakan rantse ba shi ba Fijo.

A Turai ma akwai nasu kukan. Ƙaramin injin nan mai silinda uku, PureTech 1.2, ya ci lambar yabo shekara huɗu a jere daga 2015. Amma bel ɗin tayimin ɗinsa a cikin baƙin mai yake wanka, kuma a motoci da yawa ya riƙa zagwanyewa kafin lokaci, ɓurɓushin ya toshe hanyar mai, wani lokaci har ya shafi ƙarfin birki. Masu motoci suka yi ca, aka yi kiranye, kamfanin ya tsawaita garantin har zuwa shekara goma bisa sharuɗɗa, sabon samfurin injin kuma aka mai da shi sarƙa. Irin waɗannan motoci sun fara shigowa ta Kwatano, don haka duk mai niyyar sayen 208 ko 308 ko 3008 ta hannu, ya sa a duba masa bel ɗin nan kafin ya biya, kuma kada ya yi wasa da irin man da littafin motar ya ce.

Peugeot ba shi kaɗai yake ba. Tun Janairun 2021 yana cikin rukunin Stellantis mai tambura goma sha huɗu, tare da Fiat da Opel da Jeep da Citroën, har da Chrysler ɗin da ya taɓa sayen reshensa da dala ɗaya.

Kakuri kuwa ta ga jiya ta ga yau. Faɗuwar naira, da kwararowar motocin hannu, da yadda hukumomi suka juya wa motar gida baya suka koma kan jif-jif na waje, duk sun taru sun karya ta. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, bashi ya yi yawa, hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012. Abin da ke ci mini rai ba tambarin zakin ba ne, dubban magidantan da suka koyi walda da fenti da haɗa inji a wurin ne, da ƙananan kamfanonin da ke kai mata batir da gilashi da kujeru, waɗanda suka bi ta suka durƙushe. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a wata sabuwar masana'anta da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma da 301 ya fara.